Tambaya kan 800 Balas: faɗuwar da tsofaffin kaboyin nan ke yi ta gaske ce, kuma yaya aka yi bindigar wasa ta ɗauki harsashin gaske?

Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka ga fim ɗin barkwancin nan na Sifaniya, 800 Balas (wato Harsashi 800), wanda ke ba da labarin tsofaffin 'yan kasadar finafinan kaboyi da kasuwarsu ta mutu, suka koma yi wa 'yan yawon buɗe ido wasa a wani garin katako cikin hamada, har da aka zo raba su da garin suka sayi harsashin gaske 800 don kare shi. Ra'ayin masu kallo ya rabu a kansa. Wasu sun ce dariya ce zalla, wasu sun ce abin tausayi ne aka lulluɓe da dariya, wasu kuma sun ce ya yi tsawo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin nasu. Mutum ya faɗo daga kan rufi, doki ya ja wani a ƙasa, a rataye wani, kuma gobe su sake. Da me ake kare su? Sannan yaya za a ce bindigar da ake wasa da ita kullum ita ce za a ɗura wa harsashin gaske ta tashi? Wannan ba ƙarin gishirin marubuci ba ne? Garin ma, akwai shi ko gina shi aka yi don fim ɗin?

Mai Fitila:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kallo. Garin akwai shi. Sunansa Texas Hollywood, ana kuma ce masa Fort Bravo, yana cikin hamadar Tabernas a lardin Almeriya, kudu maso gabashin Sifaniya, kamar kilomita 30 arewa da birnin Almeriya. Uku ne irinsa da suka rage a yankin: shi, da Mini Hollywood wanda aka gina a 1965 don fim ɗin daraktan Italiya Sergio Leone, da Western Leone. Ruwan da ke sauka a wurin bai kai milimita 250 a shekara ba, rana ba ta fashi, ƙasar kuma ta yi kama da kan iyakar Amurka da Meziko. Ga arahar ma'aikata a zamanin Franco, shugaban Sifaniya na lokacin. Shi ya sa Italiyawa suka yi sansani a can, suka ɗauki finafinan da suka fito da Clint Eastwood tsakanin 1964 da 1966, wasu kuma suka biyo sahu. Da aka shiga tsakiyar shekarun 1970 kasuwar finafinan kaboyi ta faɗi, kamfanoni suka kwashe kayansu, aka bar gine-ginen da mutanen da ba su iya komai ba sai hawan doki da faɗuwa.

Álex de la Iglesia ne ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 2002, tsawonsa minti 124. Sancho Gracia ne ya fito a Julián, tsohon da ke cika baki cewa shi ya riƙa tsaya wa Eastwood a wuraren kasada. Carmen Maura ce matar ɗansa, uwar jikansa, wadda mijinta ya mutu a wajen ɗaukar fim, take ganin laifin tsohon ne. Zaɓen Sancho Gracia ba a banza ba ne. Mutanen Sifaniya sun san shi a kan doki tun shirin talabijin na Curro Jiménez da aka fara a 1976, saboda haka mai kallo a can yana ganin gwarzon ƙuruciyarsa ne ya tsufa ya yi tumbi. Wanda bai san wannan ba, rabin zafin labarin ya wuce shi. An sa shi cikin jerin masu neman kyautar gwarzon ɗan wasa ta Goya, babbar kyautar finafinan Sifaniya, bai samu ba, amma fim ɗin ya ci ta dabarun ɗaukar hoto na musamman, wato fashe-fashe da harbe-harben.

A ganina duk wanda ya ce dariya ce zalla bai kula da farkon fim ɗin ba. Da mutuwa aka buɗe shi.

Injiniya:

Bari in ɗauki maganar faɗowa daga sama, don lissafinta a fili yake. Tsayi ba shi ke karya mutum ba, gajartar tazarar da jikinsa ya tsaya a cikinta ce. Ka raba tsayin da ya faɗo da kaurin abin da ya lotsa a ƙarƙashinsa, abin da ka samu shi ne kimanin ninkin nauyinsa da jikinsa zai ɗauka. Wanda ya faɗo daga mita 6 yana isowa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, da gudun kusan kilomita 39 a awa. In abin da ya tare shi ya lotsa mita 1, ninki 6 ke nan, lafiyayyen mutum zai tashi ya kakkaɓe riga. In busasshiyar ƙasa ce da ba ta lotsa fiye da santimita 5 ba, ninki 120 ne. Daga mita 10 gudun ya kai kilomita 50 a awa.

Tsohuwar dabara, kuma mafi araha, ita ce kwali. Kwalaye ne fanko, kamar santimita 60 kowane gefe, a haɗa su a jera dab da dab. Abin da aka saba shi ne hawa ɗaya na kwali ga kowace mita 3 ta tsayi, masu taka-tsantsan su ƙara ɗaya. Tsakanin hawa da hawa ana shimfiɗa buɗaɗɗun kwalaye a kwance don nauyin ya bazu, kada mutum ya zurma ta tsakanin biyu. A zagaye duka da igiya, a rufa tampol ko siririyar katifa a sama. Kwalin yana murƙushewa ne ya shanye ƙarfin, ba ya mayar da mutum sama, kuma wannan ne fifikonsa a kan katifar soso. Aibinsa, sau ɗaya yake aiki. Wanda ya lotsa dole a sauya shi.

Inda ake samun matsala: kwalin da ya kwana a waje ya sha raɓa ya yi laushi, mutum zai ratsa shi har ƙasa. Wanda aka liƙe bakinsa gam da salatif iska ba ta samun hanyar fita, sai ya yi tauri. In ba a ɗaure jerin ba, kwalayen gefe su watse. Amma kuskuren da ya fi yawa shi ne wurin ajiyewa. Mutum ba ya faɗowa a miƙe kamar dutse, yana tunkuɗa kansa gaba. In ya bar bakin rufin da gudun mita 2 a daƙiƙa, daga tsayin mita 6 zai sauka fiye da mita 2 nesa da bango. Don haka ake fara jefa buhun yashi a ga inda zai dira, sannan a tsayar da tsakiyar jerin a nan.

Saukar kuma da baya ake yi, a shimfiɗe, haɓa a manne da ƙirji, hannuwa a buɗe, a fitar da numfashi lokacin dira. Yakan baro sama yana kallon wurin saukar, sai a ƙarshe ya juya. Wanda ya sauka da ƙafa zai huda kwalin, gwiwarsa ta daki fuskarsa. Wanda ya sauka a zaune, ƙashin bayansa ne zai biya.

Ga tsayi mai yawa katifar iska ake amfani da ita, mai ɗaki biyu, fanka na hura ta, da kafofi a gefe da iska ke fita in an faɗa mata. Ita ma tana da iyaka. A 1978 ɗan kasadar fim A.J. Bakunas ya yi tsalle daga kusan mita 96 a Lexington ta jihar Kentucky, katifar ta fashe, ya rasu washegari. Wanda ya dira a gefenta kuma cilla shi waje take yi.

A wasan da ake yi gaban jama'a, irin na cikin fim ɗin, ba a iya sauya kwali kowane lokaci. Katifa ce ake ɓoyewa a cikin keken ciyawa ko bayan wani shinge, rufin kuma ba mai tsayi sosai ba. Sauƙin ke nan. Wahalar ita ce maimaici. A fim za a yi sau ɗaya ko biyu a biya ka, a nan kuwa kullum ne, har sau biyu ko uku a yini. Ninki 6 ba ya karya saurayi, amma ka ɗora shi a gwiwa da kafaɗar ɗan shekara 60 na tsawon shekaru. Ɗingishin da suke yi a fim ɗin da yawan shan da suke yi, duk daga nan suke.

Barde:

Injiniya ya gama da rufi, saura doki.

Faɗowar mahayi daban, faɗuwar dokin da kansa daban. In mahayi ne zai faɗo, abin tsoro shi ne ƙafa ta maƙale a likkafa. Saboda haka ake cire likkafar ɓangaren da zai faɗa, a sa wani ɗan matakin ƙarfe buɗaɗɗe wanda ƙafa ke zamewa daga kansa, shi zai taka ya tunkuɗa kansa nesa da kofato. Wurin da zai sauka an riga an haƙe shi kamar santimita 30 zuwa 40, an tsince duwatsu, an cika da yashi da garin katako, an baza ƙasa a kai. Ba ya tokare ƙasa da tafin hannu, nan take wuyan hannu ko ƙashin wuya zai tafi. Da bayan kafaɗa yake sauka ya mirgina ta inda dokin ya nufa. A fim ana rage gudun dokin, a ɗauki hoton da firam 20 ko 22 a daƙiƙa maimakon 24, in an haska sai a ga kamar sukuwa ce. Mai wasa gaban jama'a ba shi da wannan gatan.

Dokin da ke faɗuwa kuwa horar da shi ake yi, wata da watanni, kuma ba kowane doki ke karɓa ba. Ana fara koya masa kwanciya a tsaye a kan yashi, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya, a juyo kansa gefe har ya kwanta. Daga nan a tafiya, sannan a sassarfa. Alamar ita ce mahayi ya janyo linzami ya juyo kan dokin zuwa dama, dokin ya kwanta ta kafaɗar hagu. Likkafar hagu ta roba ce ko babu ita sam, don ƙarfe zai karya haƙarƙarin dokin ko ƙafar mahayin. Kilo 450 zuwa 500 ne ke sauka, in ƙafarka ba ta fita da wuri ba ta zama tasa.

Ga yadda za ka gane a tsofaffin finafinai. In ka ga kan dokin ya juya gefe ya faɗi ta kafaɗa, horarre ne. In ka ga ya kifa da ka, ƙafafun gaba sun naɗe lokaci guda, waya aka ɗaura masa a ƙafa aka fizge. Wannan muguntar ta kashe dawakai da yawa. Ingila ta yi dokar hana nuna finafinan da aka azabtar da dabba a cikinsu tun 1937, a Amurka kuma ƙungiyar kare dabbobi ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim daga 1940. Finafinan da aka ɗauka a Turai a shekarun 1960 da 1970 ba su shiga ƙarƙashin wannan sa idon ba, shi ya sa masu tace finafinai na Ingila suka riƙa yanke irin waɗannan wurare.

Wanda doki ke ja a ƙasa, ba ƙafarsa ce a likkafa ba. Ɗamara ce a jikinsa ƙarƙashin tufafi, wayar ƙarfe ta bi ta cikin ƙafar wando ta fita ta wajen takalmi zuwa sirdi. Nauyin yana kan ƙugu da ƙirji. Akwai maɓallin saki a hannunsa, sau da yawa da na biyu a wajen mahayi ko a jikin sirdin. Bayansa da gwiwar hannunsa an yi musu sulke da fata mai kauri. Tsawon wayar shi ne magana: ta yi gajarta kofaton baya ya same shi a ka, ta yi tsawo ya riƙa lilo yana bugun abin da ke gefen hanya in dokin ya karya kwana. Yashi kuma yana cika maɓallin ya ƙi buɗewa, don haka ake gwada shi da nauyi a kai kafin kowane ja.

Rataya ma ɗamara ce. Waya ta bi ta cikin igiyar ko ta bayanta ta kama ƙarfe a tsakanin kafaɗu, madauƙin da ke wuya kuwa na ado ne, an yi shi yadda zai tsinke da ɗan nauyi kaɗan. Sai dai barin mutum yana reto ba motsi haɗari ne na kansa. Madaurin cinya yana tare jini a ƙafafu, cikin mintuna zai iya suma. A fim ɗin akwai wanda laƙabinsa ma Ratayayye ne, da wani Jayayye, ana dariya da su, amma aikinsu ya fi na masu faɗowa daga rufi cin jiki.

Ɗan Kallo:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Barde. Saura bindigar, don nan ne na fi shakka.

Baban Yara:

Malam, wannan wurin ma shi ne marubutan suka fi yin gaskiya.

Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, maƙyastin da ke gindinsa, albarushi, da dalmar da ke kai. Na wasa, wato fanko, yana da ukun farko, babu dalma. Bakin kwanson a matse yake kamar tauraro, ko an toshe shi da takarda ko kakin zuma. Ana yin sa da cikakken albarushi, ko rabi, ko rubu'i, gwargwadon wutar da ake so a gani. Ga finafinan kaboyi akan sa baƙin albarushi don shi ke ba da farin hayaƙi.

Bindiga mai sarrafa kanta tana buƙatar matsin da dalma ke haifarwa kafin ta tofar da kwanso ta ɗauko na gaba. In za a yi wasa da ita dole a ƙuntata bututunta daga ciki, kuma daga ranar ba ta ƙara ɗaukar harsashin gaske, in an sa mata fashewa za ta yi. Libarba ba haka take ba. Hannu ne ke ɗaga guduma ya juya gangar, ba ruwanta da matsi. Haka doguwar bindigar kaboyi mai marikin da ake ja ƙasa. Ba a taɓa komai a jikinsu, bututun a buɗe yake. Libarbar gaske da aka shekara ana harba fanko da ita za ta harba na gaske a yau. Waɗanda ba za su yi ba su ne na kwaikwayo da aka ƙera da toshasshen bututu ko da ƙarfe marar ƙarfi. Inda labarin ya yi sauƙi da yawa shi ne sayen harsasan. A Sifaniya makamai suna ƙarƙashin rundunar 'yan sanda ta Guardia Civil, da dokar makamai ta 1993, sayen harsashi sai da lasisi kuma a rubuce.

Adadin ma bai kai yadda yake a kunne ba. Libarba shida take ci, kuma irin ta da ɗaya-ɗaya ake ɗura ta ta wata 'yar ƙofa a gefe, a fitar da kwanson da tsinken da ke ƙarƙashin bututu. Harsashi 800 ɗuri 133 ne da 'yan kai. Ka raba wa mutum goma, kowa 80 ya samu. Ba kayan yaƙi da 'yan sandan zamani ba ne, kuma Julián ya san haka.

Kada kuma a ɗauka fanko ba ya kisa. Iska mai zafi da ɓurɓushin albarushi da abin toshiyar suna fita da ƙarfi. A 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora libarba mai fanko a gefen kansa da wasa ya ja kunama, ƙarfin ya tura ɓallin ƙashi cikin ƙwaƙwalwarsa, ya mutu bayan kwana 6. A 1993 ɗan wasa Brandon Lee ya mutu saboda wata dalma ta maƙale a bututu tun wani ɗauka na baya, ba a leƙa ba, aka ɗura fanko a bayanta, ya tura ta kamar harsashin gaske. A 2021 a jihar New Mexico, wajen ɗaukar fim ɗin kaboyi, harsashin gaske ya shiga cikin na ado, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasu, kotu kuma ta ɗaure mai kula da makaman wata 18.

Ƙa'idojin da ke hana irin wannan ba su da yawa. Harsashin gaske ba ya shiga wurin sam. Mutum ɗaya ne ke riƙe da makamai, shi ke ɗuri a gaban wanda zai harba da wanda za a harba. Kafin ɗuri a zura sanda a bututu ko a haska shi a ga haske ya fita. Harsashin ado, wanda ake sawa don a ga kan dalma a ganga, ana zuba masa 'yan ƙwayoyin ƙarfe a ciki ko a huda gefensa, a girgiza kowane ɗaya a ji ƙara. Ba a saita mutum, ana kaucewa gefe kaɗan, kusurwar kyamara ta rufe bambancin. Tazarar da aka fi ambata ita ce mita 6. Sannan libarba tana fesa wuta ta gefe, ta tsakanin ganga da bututu, wanda ya kai yatsa nan zai ƙone ko ya tsage.

Jinin da ke fashewa a riga ba daga bindigar yake ba. Ɗan ƙaramin abin fashewa ne a kan farantin ƙarfe mai soso a baya, da jakar jinin ƙarya a gaba, an kankare rigar daga ciki don ta yage da sauƙi, wani yana gefe da maɓallin lantarki. In an juya farantin, ko hannun ɗan wasan ya rufe wurin lokacin tashi, ƙuna ce.

Uwar Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ban yarda da Mai Fitila gaba ɗaya ba. Masu cewa ya yi tsawo suna da hujja. Sa'ar farko, daga zuwan jikan Julián garin har shagalin da aka yi da katin kuɗin uwarsa, tana tafiya da kyau. Da 'yan sanda suka kewaye garin sai fim ɗin ya rasa inda zai tsaya, ga barkwanci ga mutanen da ake harbi da gaske, kuma da an rage minti 20 ba abin da zai ɓace. Matar ma an ƙware ta. Mijinta ya mutu a hannun mutumin da ke shan giya a bakin aiki, amma ita aka mayar muguwa don tana son rushe garin.

Gargaɗi ga mai niyyar kallo: ganin yaro a ciki kada ya sa a zaci na yara ne. Akwai ashar, da shaye-shaye, da tsiraici, da wani wuri tsakanin yaron da wata karuwa wanda masu kallo da yawa suka ƙi, kuma da gaskiyarsu.

Mai Fitila:

Hajiya, maganar tsawo na karɓa, ta yaron ma haka. Ta rushe garin ce nake ganin sai an duba shekarar. A 2002 Sifaniya na tsakiyar haukan gine-gine, kamfanoni na saye filaye a gaɓar teku da bayanta suna zuba otal-otal da gidajen hutu, har abin ya fashe a 2008. A lardin Almeriya ɗin kansa aka fara gina otal ɗin Algarrobico a 2003, a bakin teku cikin yankin Cabo de Gata da doka ta kare, kotu ta tsayar da aikin a 2006. Mai kallo a can ya san irin kamfanin da matar ke wa aiki, shi ya sa ya fi saurin bin bayan tsohon duk da shirmensa.

Malam Ɗan Kallo, in za ka sake kallo ka duba haɗarin keken dokin na farko da abin da Barde ya faɗa a zuciya. Aiki a tsakanin dawakai da keke mai gudu shi ne mafi tsananin lissafi a sana'ar. Ɗan kasadar Amurka Yakima Canutt ya shahara da shi a 1939: ya faɗa tsakanin dawakai, ya saki, keken ya wuce ta kansa. Sharaɗinsa dawakan su kasance cikin cikakken gudu, don a nan ne suke tafiya a miƙe, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai mita ɗaya ba, hannuwa kuma a manne da jiki. In direba ya ji tsoro ya rage gudu, dawakan su fara karkata, ƙafar keken ta bar layinta.